Farar Ƙwayar Baban Nafisa

Ƙodar da aka dasa wa mijina, Baban Nafisa, tawa ce. Da muka dawo gidanmu na Fagge, yakan dafa cikinsa ya ce, "Iya Nafisa, ajiyarki tana nan lafiya."

Magunguna biyu likita ta fi nanata mana. Ɗaya yana hana jikinsa yaƙar ƙodar. Ɗayan 'yar farar ƙwaya ce ta hawan jini. Ta ce in jini ya hau, a hankali yake cin ƙoda, mutum bai ji ciwo ba.

Na farkon yana tsoronsa, a gabana yake sha. Farar kuwa ya raina ta. A aljihu yake zubawa tare da goro, ya tafi shagonsa na kasuwar Singa, wai sai da rana.

Mijina bai iya cin abu shi kaɗai ba, ga layinsu cike da masu hawan jini. Duk wanda kansa ya sara sai ya leƙo, "Alhaji, da sauran farar nan?" Ya miƙa kamar goro. In ta ƙare ya yi shiru, ya jira ranar asibiti.

Ban sani ba sai da ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Da likita ta matsa masa ya ce, "Likita, mutum ya zo kansa na ciwo, abu na aljihuna, in ce babu?"

Ƙodar ta riga ta gaji. Aka mayar da shi wankin ƙoda. Kafin damina ta fita Allah ya karɓi abinsa.

Ina cikin takaba, Chidiebere maƙwabcin shagonsa ya zo daga Sabon Gari yi mini gaisuwa. Ya yi kuka sosai. Da zai tashi ya rage murya.

"Mama, ko Alhaji ya bar ragowar maganin nan? Nasa ya fi karɓata."

Maganin yana nan a kan firji, muna ganinsa mu duka.

Na ce, "Akwai, Oga Chidi. Ba zan ba ka ba. Gobe ƙanena Habeeb zai kai ka a auna ka, a rubuta maka naka."

Ya yi 'yar dariya. "Haba Mama! Alhaji bai taɓa hana ni ba."

Na dafa gefen cikina, wajen ɗinkin. Na ce, "Na sani."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "Ƙarfe nawa zai zo?"