Injin da Ba Shi da Fistan

"Wa ya kashe shi?"

Muryar Mai Sifana ce ta fito daga ɗaki, siririya kamar zare. Ni da babban ɗansa, direban tirela, muka yi cirko-cirko a gaban a-kori-kurar da ke tsakar gidan. Matarsa na tsaye da makullin motar a hannu.

"Ni ce," ta ce. "Da ƙyar ka samu barci, su kuma sun tayar mana da aljani."

"Barci? Wanda ke gabana bai ishe ni ba?"

Mai Sifana bakanike ne, katangarmu ɗaya. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma Allah ya yi ni da son duk abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba. Shi ya sa ranar da ya ɗauko injin nan daga wurin 'yan gwangwan, ni ya fara kira. Ya buɗe mini cikinsa, babu fistan ko ɗaya. Wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyi a cikin gida mai siffar ɓawon gyaɗa. Na daɗe ina ganinsa a mafarki yana juyawa a sama kamar wata.

Daga wata motar tsere aka ciro shi, shi kuwa ya rantse sai ya sa shi a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya. Unguwa ta sha dariya. Injin ya ƙi zama a kan ƙafafun tsohon injin motar, sai da Mai Sifana ya ƙera masa sababbi. Bakinsa bai haɗu da na giyabos ba, ya yanko farantin ƙarfe ya yi ta goga. Lagireto ya yi masa kaɗan. Ana cikin haka ciwo ya kwantar da shi, har likita ya ce a mayar da shi gida a ba shi duk abin da ransa ke so. Abin da ransa ke so ɗaya ne: ya ji motar nan tana gudu da shi a ciki. Ɗan ya ajiye tirela ya dawo, uban na ba shi umarni ta taga.

To, a safiyar nan ne injin ya tashi karon farko, kuma bai ko ɗumama ba aka kashe shi.

Direban ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, har batir ya fara nishi. Sai warin fetur.

"Baba, ya ƙi," ya ce, idonsa ya yi ja.

"Ku fito da ni."

Muka ɗauko shi a kan kujera. Wallahi bai fi buhun auduga nauyi ba. Ya shaƙi iska, ya yi murmushi.

"Ya ƙoshi da fetur ne. Wannan ba a kashe shi da sanyi, fushi yake yi. Fetur ya wanke baƙin man da ke bakin ƙarfen. Cire fulogi ka shanya. Ke kuma, tunda ke kika ɓata masa rai, ɗauko cokalinki."

"Cokalin miyata? Ka ji tsohon nan!"

Amma ta ɗauko. Da hannunta ta ɗura baƙin mai a kowane ramin fulogi, yana ce mata, "A hankali, kamar kina ba jinjiri magani." Ita kuma tana gunaguni tana share ido da gefen mayafi.

Batir ya riga ya mutu, sai turi. Mai Sifana ya ce a sa shi a gaba. Ɗan ya ce, "Baba, jikinka..." Ya ce, "Jikin nan aro ne. Sa ni."

Muka tokare shi da matasai. Na leƙa titi na yi kira, tela ya bar kekensa, wanzami ya fito da wanda yake wa aski, rabin kai da kumfa. Waɗanda suka fi kowa dariya su suka fi kowa sa kafaɗa. Muka turo motar zuwa gangaren layinmu, ni na ɗare baya don ƙafafuna ba na gudu ba ne.

"Giya ta biyu," in ji tsohon. "Kada ka saki kuloci sai na ce."

Motar ta fara gangarawa. Muka wuce shago, muka wuce famfo, gangaren ya kusa ƙarewa, tsohon bai ce a saki ba. Na leƙa ta gilashin baya, idonsa a rufe. Gabana ya faɗi.

"Saki!"

Ta yi tsalle, ta yi tari, ta yi shiru. Sai wata ƙara ta ɓarke kamar an yaga sararin sama, farin hayaƙi ya rufe layin har tela ya ɓace a ciki, sai ihunsa nake ji.

"Taka!" in ji Mai Sifana. "Ba tirela ba ce, ɗan nan, taka!"

Ya taka. Ban taɓa jin kuka irin wannan ba, yana hawa yana ƙara hawa kamar ba shi da iyaka. Hulata ta tafi. Itatuwan bakin hanya suka haɗe suka zama kore ɗaya. Ta gilashi na ga tsohon ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen gaban motar, bakinsa buɗe, yana dariyar da ba ta da sauti.

Bai daɗe ba bayan wannan. Da hantsi ya cika, matarsa na riƙe da hannunsa. Ita ta ce ba wata motar da za ta ɗauke shi sai tasa. Ɗan ya tuƙa a hankali zuwa maƙabarta, injin na tutsu yana neman a sake shi.

Da aka gama, mutane suka watse, na tsaya ni kaɗai kusa da motar a inuwa. Ƙarfen na hucewa, yana ƙas, ƙas, ƙas. Wani ƙadangare ya hau bonet, ya kwanta a kan ɗumin, ya lumshe ido.