Hujin da Ke Ƙarƙashin Sunan Roorda

Tun da suka sauke motar tseren daga tirela a harabar kamfanin Roorda, idon Sietske bai bar wuri ɗaya ba: wata shuɗiyar sitika da ke manne a murfin akwatin batir, bayan kujerar direba. Sunan Roorda ne a jikinta, kuma a karkace take. Ita ta manna ta da hannunta da safen nan, ta kuma san abin da ke ƙarƙashinta.

Huji ne, faɗin ɗan yatsa. Tjeerd, shugaban ƙungiyarsu, shi ya huda jiya da yamma, wai zai kafa kyamara, sai da bakin injin ya shige sannan ya lura ba nan ba ne. Shekara guda ɗalibai suna gina motar tseren nan mai aiki da lantarki, sun bar barci, sun yi watsi da karatu, wasu har 'yan matansu sun gaji sun kama gabansu, amma mutum ɗaya da injin huji ya isa ya jefa kowa a uku. Sabon murfi ba zai samu ba kafin yau. Sietske ce duk harkar wutar motar take wuyanta, don haka ta cika hujin da gam, ta rufe da sitika. Gam ɗin kuwa irin mai son a ba shi lokaci ne ya bushe, kuma bai samu ba.

Abin da ya fi damunta shi ne batirin ba nasu ba ne. Aro ne daga tsoho Roorda, mai kamfanin famfunan ruwa, kuma sharaɗinsa ɗaya: kafin motar ta tafi gasa da sunansa a jiki, sai ta ci gwajin ruwa a harabarsa, a gaban idonsa. In ta faɗi, ya ɗauke kayansa. Mota ba batir kuwa, tsohon keken Sietske ya fi ta amfani.

Tjeerd ya matso yana murmushin da bai kai ciki ba, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ke, saki fuskarki mana. Kin tsaya kamar an aiko miki da mutuwa."

Ta ce, "Da ka saki injin hujin jiya, da na saki fuskata yau."

"Don Allah kar ki tona mu. A watsa ruwa, a tafa, mu tafi. Wa zai leƙa ƙarƙashin sitika?"

Ta ji haushinsa, ta kuma ji haushin kanta da ta biye masa.

Ranar ma sai da ta yi musu tsiya. Ƙasar da ruwan sama ke zuba ba a tambaye shi ba, yau rana ce tar, har ma'aikata suka fito da burodi da cukunsu suka jeru a kan katanga suna kallo. An ɗaga motar a kan ƙarafa, ba kowa a ciki. An kunna ta, jar fitilar da ke samanta ta fara kiftawa. Kowa a wurin ya san dokar: muddin tana kiftawa, lafiya lau. In ruwa ya kai ga wuta, na'urar tsaro za ta yanke komai, jar ta tsaya, shi ke nan.

Tsoho Roorda ya fito da kofin kofi, sanye da rigar sanyi duk da ranar. Gajere ne, ba ya son dogon zance. A bayansa akwai Bastiaan, mai kula da tallan kamfanin, dogon saurayi da kyamara a wuya, irin mutanen da in suka ga hoto a karkace a gidan wani ba sa iya cin abinci sai sun gyara. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ja birki daidai inda Sietske ke tsoro.

Ya ce, "Kai! Wane mai ido ɗaya ne ya manna wannan? Haka zan ɗauki sunanmu, kamar ya sha ya bugu?" Ya zaro sabuwar sitika daga jakarsa. "Ku kashe ta tukuna, in gyara."

Tjeerd ya ce, "A bari mana sai an gama, yallaɓai, ai ruwa zai..."

"Hoton da ruwa nake so."

Aka kashe motar. Bastiaan ya sa farce a gefen sitikar. Sietske ba ta san sa'ad da ta isa wurin ba, sai ganin hannunta ta yi ya damƙe wuyan hannunsa. Har masu cin burodi suka daina tauna.

Tsohon ya dube ta ta saman tabarau. "Yarinya, lafiya?"

Tana jin idon Tjeerd a ƙeyarta yana roƙo. Ta ce, "Yallaɓai, akwai huji a ƙarƙashinta. Mun huda bisa kuskure. Na toshe da gam, ban tabbata ya bushe ba, shi ne na rufe da sitikar."

Roorda ya miƙa wa Bastiaan kofinsa, ya ɓare sitikar da kansa. Ga facin nan fari, mummuna, kamar cingam da aka liƙa a ƙarƙashin tebur. Ya danna shi da babban yatsa, ya ɗan lotsa.

Ya ce, "Wato sunana ne faci."

Ya ɗago ya dubi ɗaliban, ya ci gaba.

"Alƙalan gasa ba za su tambaye ku ba, ɓarewa za su yi. Ku kunna ta haka nan. A buɗe ruwa."

Jar fitila ta sake kamawa, famfon kamfanin ya yi gurnani, ruwa ya fara sauka a kan motar ta ko'ina. Sietske ta tsaya kusa har takalmanta suka jiƙe, ba ta ja baya ba. Ruwan ya taru a lotsawar da yatsan tsohon ya bari, ya kwanta a kan gam ɗin, ya ƙi gangarewa. Ita da ta saba jin faɗuwar gaba in ta ga jar wuta, yau ita take roƙo kada ta tsaya. Duk kiftawa ɗaya sai ta ji kamar ta gaba ba za ta zo ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna ɗalibai goma sha wani abu da ke bayanta, da iyayenta da suka riga suka kama ɗaki a garin da za a yi gasar.

Aka rufe ruwa. Ba a gama ba, don doka ta ce a jira, ruwa yakan lallaɓa ya shiga daga baya. Motar tana ɗiga, fitila tana kiftawa, Tjeerd ya rufe fuska da hula. Tsohon bai ko kalli fitilar ba, facin yake kallo.

Can injiniyan kamfanin ya ɗaga hannu, ya ce, "Ta ci."

Ihu ya ɓarke. Sietske dai ta zauna daɓas a jiƙaƙƙen siminti.

Roorda ya jira aka kashe motar, ya goge murfin da hannun rigarsa, ya karɓi sabuwar sitikar. Ya manna ta tsaf, a miƙe, amma a gefen facin, ya bar shi a fili kowa na gani.

Bastiaan ya ce, "Haba yallaɓai, ai wannan abin zai fito a hoto."

"Ya fito." Ya juya ga Sietske, ya sa mata tsohuwar sitikar da ya cukuikuye a tafin hannu. "Batir naku ne har ku dawo. Amma ki ji da kyau, 'yata. Sunana yana zama kusa da kuskure, ba ya zama a kansa."

Ta damƙe sitikar. Tjeerd ya zo zai ɗaga ta, ta ture hannunsa, ta ce ya je ya nemo murfi.