Ranar da Habiba Ta Amsa Sallamar Gida Goma

A shekarun da mutanen ƙauyukan Roni da Gwiwa suka fara matsowa Kazaure, cikin gari ya cika har babu wurin ɗaure akuya. Baƙi sai suka riƙa kafa bukkoki a bayan gari, ta gindin dutse. Wanda ya fara sauka shi ne Na'Allah, Bafulatani mai shanu, da matarsa Habiba mai tallan nono.

Baƙin ba su da rijiya. Matansu kan shiga gari ɗiban ruwa, matan gari kuwa su bar su tsaye har rana ta take, suna kiran su 'yan bakin daji. Na'Allah ya je gaban hakimi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi izinin haƙa rijiya, a kuma naɗa musu mai unguwa. Hakimi ya ce ba ya naɗi a inda gidaje ba su kai talatin ba, zai turo jakadansa ranar Talata ya gani da ido.

Gidajensu goma sha bakwai ne. Na'Allah ya dawo ya zauna ya yi tagumi.

Habiba ta ce, "Malam, shi jakadan zai shiga gidan matan aure?"

"Ina zai shiga?"

"To, zana zai gani da hayaƙi. Kara dai ba mu rasa ba."

Kwana huɗu maza suna aiki, suka kafa bukkoki goma sha uku a jere, kowacce da zanarta, aka bar kafa ta baya. Sauran matan suka yarda su hura wuta a ciki, amma suka ce ba da bakinsu za a yi wa mutumin hakimi ƙarya ba. Amsa sallama ta rage wa Habiba ita kaɗai.

Da hantsin Talata jakada ya iso, wani dattijo mai suna Mamuda. Ya bi gidajen gaske ya gaisa da masu su, sannan ya tsaya a ƙofar sabon gida na farko ya yi sallama. Murya irin ta tsohuwa ta amsa, ta ce maigidan ya tafi kiwo. A na biyu amarya ce mai kunya, da ƙyar ake jin ta. A na uku aka amsa da Fulatanci. Habiba tana zarewa ta kafar baya, ta riga shi isa gida na gaba.

Abin da ta manta shi ne maraƙin da uwarsa ta mutu, wanda ita ke ba shi madara da hannu. Ya tsinke igiya ya bi ta. Duk gidan da ta shiga, kafin ta buɗe baki ya riga ta da kuka.

A gida na goma Mamuda ya dubi Na'Allah ya ce, "Matan unguwar nan duk maraƙi ɗaya suke kiwo?"

Na'Allah ya share gumi ya ce, "Ranka ya daɗe, mu nan akwai zumunci."

Mamuda ya yi dariya har sai da ya dafa zana. Ya ɗaga murya ya ce, "Baiwar Allah, zauna ki sha ruwa. Ukun da suka rage na yafe miki." Sannan ya ce wa Na'Allah zai gaya wa hakimi ya ga gida talatin, don gida aka aiko shi dubawa. Amma bayan kaka zai dawo, kuma a wannan ranar, da maza yake son gaisawa.

Habiba ba ta zauna ba. Duk gidan da ta kai nono a cikin gari sai ta tsegunta cewa akwai ɗakuna a bayan gari, an kafa an share, babu mai su. Wani maƙeri daga Gwiwa ya zo da matansa biyu. Samarin gari da suka yi aure suna cushe a gidan iyaye suka kwaso kayansu. Kafin a yanke gero bukkokin sun cika, wasu suna kafa nasu. Aka haƙa rijiya, ruwa ya fito garai.

Ranar naɗi Na'Allah ya sa an wanke babbar rigarsa. Sai aka ɗaura rawanin a kan Lauwali, ƙanen Mamuda, wanda bai fi wata guda da tarewa a unguwar ba. Umarninsa na farko shi ne shanu suna ɓata hanyar rijiya, a fitar da su daga cikin mutane.

Na'Allah ya haɗa kayansa. Ya kora shanunsa gaba, ta hanyar Roni, ya kafa bukka inda ko carar zakaran gari ba a ji. Kafin ruwan farko ya sauka gida huɗu sun biyo shi. Ya leƙa ta saman zana ya ga ana sauke kaya daga kan jakuna, ya koma ciki ya zauna. Sai da Habiba ta miƙa masa ƙwaryar fura ta tura shi, sannan ya fita yi musu barka da zuwa.