Akwati Biyu Zuwa Dangriga

Wata uku Ernestina ta yi tana damun 'yar ƙaninta a waya kan abin da za ta zo da shi. Fasfo da kwafinsa. Maganin sauro na shafawa, don ƙwarin bakin teku ba su san baƙo ba. Lema, tunda Nuwamba ce, a ƙasarsu lokacin ruwa ne. Takalmin da ba ya tsoron caɓi. Sai babbar dokar da ta maimaita har bakinta ya gaji: jaka ɗaya, ƙarama, wadda za a rungume a bas.

"Kuma in kin shiga mota ki gaida mutane."

"Da wane yare, Goggo?"

"Ki dubi fuskar mutum. In kin rasa, Turanci ya isa, amma ki buɗe baki a ji ki."

Darina shekararta sha tara, a Los Angeles aka haife ta, ba ta taɓa taka ƙasar Belize ba. Gobe sha tara ga wata, ranar da mutanen Garifuna ke shiga kwalekwale da sassafe su sauka bakin tekun garin Dangriga da ganguna, yadda kakanninsu suka sauka. Kaka Petrona, mahaifiyar Ernestina, ta sa Nolberto mai kwalekwale ya riƙe wa jikarta wuri. Ya ce ya ji, amma masu so sun fi ashirin, in rana ta faɗi yau bai ga yarinyar da idonsa ba, zai ba wani. Kuma Nolberto mutum ne da ba ya magana biyu.

Tun tara Ernestina take filin jirgi, ta kasa zama, duk wanda ya tsaya kusa da ita sai ya ji labarin 'yar ƙaninta Isidoro. Da yarinyar ta ɓullo, doguwa, da goshin ubanta sak, Ernestina ta ƙwala ihun da ya sa ɗan sanda waiwayowa. Ta rungume ta, ta sake ta ta duba, ta ƙara rungumewa. Sai a lokacin ta ga abin da ke bayanta: akwati biyu, kowanne ya kai firji.

"Wayyo ni Ernestina! Ke, ƙaura kika yo?"

"Saƙo ne, Goggo. Baba mutum ɗaya ya faɗa wa zan zo."

"Isidoro? Wannan ko ruwa bakinsa ba ya riƙewa! Ina lemar?"

"Na cire, ba wuri."

"Maganin sauron?"

Darina ta sunkuyar da kai tana dariya. A ƙafarta wani farin takalmi ne mai kyau, irin wanda ruwan sama ke kashewa a rana ɗaya. Ernestina ta so ta yi faɗa, amma da wane baki? Ita kanta ba matafiyin da ya taɓa tsallake ta bai ɗauki burodin rogo zuwa Amurka ba. A ƙasar nan ba a cewa saƙo a'a.

"To, mu kai su gida, bayan biki a raba."

"Biyu ba za su jira ba. Akwai tabarau na Iya Verna a nan cikin birni, da rigar baftismar jikan Don Eusebio, a kan hanyarmu yake. Na yi alkawarin hannu da hannu."

Ernestina ta dubi agogo. Bas ɗin sha biyu zai sauke su Dangriga ƙarfe uku. Ta ce minti biyar, ko zama ba za su yi ba.

Wa ya gaya mata ana minti biyar a gidan Iya Verna? Tsohuwar ta ɗora tabarau a hanci, ta ga fuskar Darina tar, ta ɓarke da Kiriyol, Turancin gargajiyar ƙasar, kamar an kunna rediyo. Kafin su ce uffan an sauke musu shinkafa da wake da kaza.

"Ke Ernestina, haka za ki ja yarinya cikin damina da takalmin amare? Ba ki da tausayi?"

"Wata uku ina faɗa, Iya!"

"Faɗa ba takalmi ba ne." Ta jawo takalmin roba daga ƙarƙashin gado ta dire a gaban Darina, ta haɗa mata da lema mai karyayyen ƙashi ɗaya.

Bas ɗin sha biyu ya tafi abinsa. Suka samu na ƙarfe ɗaya, bayan Ernestina ta yi wa kwandasta ruwan Kiriyol har ya yarda ya cusa akwatunan ta ƙofar baya. Darina ta hau, ta tsaya a gaba, ta gaida mota da ƙarfin da ya sa wata jaririya farkawa. Motar ta amsa gaba ɗaya, kowa da bakinsa. Wata mata 'yar ƙabilar Maya ta matsa mata wuri, ta miƙo mata 'yar kwalbar man kwakwa, ta nuna mata ƙwaurinta, wai ta shafa saboda ƙwari. Ernestina ta ji kanta ya kumbura don daɗi, har ta manta da agogo sai da suka wuce garin Belmopan.

Ƙarfe uku suka sauka ƙauyen Don Eusebio, tsakiyar gonakin lemo, ana yayyafi. Matar gidan ta buɗe farar rigar ta fashe da kuka, ta sumbaci Darina a kumatu biyu, ta shiga sa mata albarka da Sifaniyanci ba ƙaƙƙautawa. Ernestina ta ja hannun yarinyar suka koma bakin titi.

Bas ya zo, cike har ƙofa, ya wuce. Na biyu ma ko rage gudu bai yi ba. Jajibirin biki ne, duk ƙasar Dangriga ta nufa, kuma Ernestina ta fi kowa sanin haka. Na uku da ya wuce, har da masu kiɗa a ciki suna ɗaga musu hannu, sai ta zauna a kan akwati. Tsoro ya kama ta sosai. Me za ta je ta ce wa mahaifiyarta?

"Goggo, laifina ne."

"Yi min shiru, ina tunani."

Ba ta gama tunanin ba wata tsohuwar motar lemo ta fito daga gona tana tari. Don Eusebio ya leƙo da hularsa ta kaba.

"Doña Ernestina, wadda ta kawo wa jikana riga ba ta tsayuwa a titi. Ku hau!"

"Wannan akwalar za ta kai mu kafin rana ta faɗi?"

"Ki riƙe bakinki da ƙofar, duk biyun ba sa rufuwa da kyau!"

Akwatuna suka hau kan lemo. Motar ta ɗauki hanya tana kwana-kwana tsakanin duwatsu, lemo na gangarowa titi a kowace kwana, Darina na ihu tana dariya, Ernestina na zuga direba da Sifaniyanci tana roƙon Allah da yarensu na Garifuna. Tun kafin su ga gari suka jiyo ganguna.

Rana ta jingina da duwatsu lokacin da suka diro bakin teku. Nolberto na ɗaura ganyen kwakwa a jikin kwalekwale. Kusa da shi Kaka Petrona ce a kujerar roba, da ɗankwalinta na biki.

"Nolberto! Ga ta nan, dube ta da kyau! Wuri biyu, nata kusa da na kakarta!"

Nolberto ya ɗago ya dubi yarinyar, ya gyaɗa kai. "Na gan ta. Amma wane biyu? Guda ne, Ernestina. Na Kaka Petrona ne, na gaba, shi ta ce in riƙe wa yarinyar."

Ernestina ta juya ga mahaifiyarta. Tsohuwar ta riga ta kama fuskar Darina da hannu biyu tana shafawa. Tun da ta cika tamanin ta daina wahalar da bakinta da Turanci, don haka da Garifuna ta yi magana, a hankali.

"Gwiwoyina sun gama shiga kwalekwale. Shekara sittin ina sauka, ban taɓa tsayawa cikin masu tarba ba. Gobe a nan zan tsaya, in ga jinina yana zuwa daga teku."

Darina ta dubi kakarta, ta dubi goggonta. "Goggo, me ta ce?"

Ernestina ta kau da kai. Ta goge ido da bakin ɗankwali, ta ja hanci.

"Ta ce gobe kada ki makara."