Wandon Tseren Auta

Ina tsakiyar yanka riga ɗan aike ya kawo saƙon. Wata 'yar leda ce mara nauyi, kamar babu komai a ciki. Ƙanena Auta ne ya yi odar ta intanet ya ba da adireshin shagona, don a gidan man da yake aiki ba a yarda a kai wa ma'aikaci kaya.

Shekara uku ke nan Auta yana tseren keke. Tun duku-duku yake fita, ya dawo jiƙe sharkaf, ya watsa ruwa ya wuce aiki. Washegari za a yi tseren tantancewa. Mutum talatin da ɗoriya za su fita, shida na farko koci zai ɗauka cikin tawagar matasa. Baɗi shekarun Auta sun haura ƙa'ida. In bai shiga bana ba, shi ke nan, sai dai ya koma hawa keke don motsa jini.

Tsohon wandonsa na tsere ya sile har ana hango fata, koci ya ce kar ya kuskura ya zo masa da shi. Na kirki kuwa, in ka ji kuɗinsa sai ka riƙe baki. Shi ne shi da abokinsa Dogo suka lalubo wani mai araha a waya, suka yi oda iri ɗaya, suka yi ta zuba ido har mako uku.

Da rana ya leƙo shago a guje, ya farke ledar da haƙori. Gajeren wando ne baƙi mai ɗamewa, babu zariya babu roba a ƙugu, sai maɗauri biyu da ake ratayawa a kafaɗa. A mazauninsa an ɗinka soso mai kauri don kada sirdi ya ci mutum.

Na ce, "Wannan wando ne ko majajjawa?"

"Yaya, ka fara ko? Mutum dubu huɗu suka saya, kusan duk tauraro biyar suka ba shi."

"A cikin dubu huɗun nan akwai tela ko ɗaya?"

Na karɓa na juya cikinsa waje. Shekara goma sha tara ina kan keken ɗinki, ban taɓa ganin lalaci irin wannan ba. Zaren siriri kamar gashi, ɗinkin kwance lamɓas, ba kalmasa ba komai. Na ja shi da hannu biyu, gaɓar ta buɗe har na hango hasken ƙofa ta tsakiya. Na saki ta koma.

"Ka gani? Taku goma za ka yi ya yage daga nan har nan, ka tsaya a gaban jama'a yadda aka haife ka."

"Haka ake yinsa, Yaya."

"Haka maha'inta suke yinsa."

Ya dubi agogo, lokacin komawa aiki ya yi. Ya ninke wandon ya ɗora a kan teburin yanka, har ya kai ƙofa ya juyo.

"Don girman Allah kar ka taɓa mini shi. Ka dai taho da shi gida."

Na ce masa ni ba ni da lokacin ɓatawa a kan tsumma.

Gaskiyar magana, wandon nan ya hana ni sakat. In ɗinka hannun riga, idona ya koma kansa. Ni na riƙe Auta tun yana aji uku bayan rasuwar mahaifinmu, kuma tun daga ranar bai taɓa saka sutura da ta kunyata shi ba. Sai nake ta hango shi a kan keke, wando ya dare, mutane sun ɗaga waya suna ɗauka. Ina da saurin ɗaukar zafi, na sani, kuma in na ga mugun ɗinki hannuna ƙaiƙayi yake yi.

Kafin la'asar na canza allura, na sa baƙin zare mai kauri, irin wanda nake ɗinka jakar makaranta da shi. Na bi gefen soson nan kaf, layi biyu. Na gangara cikin cinyoyin duka biyu, na ɗan kalmashe gaɓar, na bi ta da miƙaƙƙen ɗinki, shi ma layi biyu, na ɗaure ƙarshen da ƙulli mai kyau. Da na gama na ja da iya ƙarfina, ko motsi bai yi ba. Baƙi a kan baƙi, sai mai neman magana ne zai lura. Na ninke shi yadda ya bar shi, raina fes.

Da safe yana sakawa na ji shi daga ɗaki yana cewa, "Kamar ya ɗan kama ni a cinya."

Na ce, "Sabo ne, zai saki."

A unguwar masana'antu aka yi tseren, ranar hutu ce, tituna fayau. Zagaye takwas ne, kowane zagaye kilomita goma sha biyu, kuma duk zagaye sai sun bi ta gabanmu. Na tsaya kusa da wata rumfa inda mai gyaran kekunan tawagar ya baza kayansa, wani dattijo mai furfura a gira, yana goge sarƙa da tsumma.

Zagayen farko suka wuce a dunƙule kamar guguwa. A na biyu na hango hular Auta a can gaba, cikin goman farko. Ƙirjina ya cika. Shi ne bakina ya ƙi zama.

Na ce wa dattijon, "Mai lamba sha bakwai ɗin nan ƙanena ne. Ka ga wandon da suke saye ta waya kuwa? Ɗinkin banza. In ka ja shi buɗewa yake yi."

Bai ɗago ba. "To ai in bai buɗe ba, ba wandon keke ba ne."

"Kamar yaya?"

"Malam, ƙafar nan da kake gani, a tsere ɗaya sai ta hau ta sauka fiye da sau dubu goma. Dole ɗinki ya bi ta, ya miƙe ya dawo. Shi ya sa suke kwantar da shi, ba tudu ba ƙulli. Ko kamfai ba sa sakawa a ciki, saboda gefensa kaɗai ya isa ya yanka mutum. Na araha soson ne ke saurin mutuwa, bayan wata shida ya zama tabarma. Amma yana sabo, yana yin aikinsa."

Na ce, "In kuma aka samu... a ce wani ya bi ɗinkin da zare mai ƙarfi fa?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Wane mara tausayi ne zai yi haka? Ga gumi, ga gishiri, ga zafin rana. Ai zarto ka saka wa mutum tsakanin cinyoyi."

Ya koma kan sarƙarsa. Na matsa bakin titi na kama igiyar da aka kange mutane da ita.

Zagaye na uku Auta ya wuce lafiya, ko kuma ni ne na ga abin da nake so in gani. A na huɗu, mutum tara sun ɓalle sun bar sauran, yana cikinsu, Dogo ma yana ciki. Amma kowa yana zaune a kan sirdi ya sunkuyar da kai, shi kaɗai ya miƙe tsaye a kan feda a wurin da babu hawa. Ya zauna, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya sake miƙewa.

Dattijon ya ce, "Me ke damun ɗan'uwan naka? Ƙarfinsa yake zubarwa a banza."

Hannuna yana cikin aljihu, na damƙe ɗan almakashin da ba na rabuwa da shi. Lissafi nake yi. In na tsayar da shi, in shige da shi bayan rumfa, in tsinke zaren cinyoyin kaɗai, minti biyu ya isa, ko uku. Amma minti uku a tsere, ai waɗancan sun yi nisan da ba zai sake ganin ƙeyarsu ba. In kuma na bar shi, sauran kilomita kusan hamsin. Kuma kafin in tsayar da shi, dole in faɗa da bakina, a gaban koci da jama'a, abin da na aikata.

Kowane zagaye kusan minti ashirin yake ci. Ban taɓa sanin minti ashirin na da tsawo haka ba.

Suka ɓullo ta kwanar kamfanin roba a zagaye na biyar. Sun koma takwas. Auta ne na ƙarshe, fuskarsa a murtuke, ya cije leɓe. Ya saki hannu ɗaya ya fizgi bakin wandon ƙasa, keken ya yi tangal-tangal. Na tsallake igiyar, almakashi a hannu, wani mai tsaro yana daka mini tsawa. Na buɗe baki zan ce ya tsaya. Idonmu ya haɗu.

"Taka, Auta! Taka!"

Abin da ya fito ke nan. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ba tsoron ya rasa tsere ba, tsoron idonsa in ya sani. Na daɗe ina faɗa wa kaina wani dalili daban, amma wannan ne na gaskiya.

A zagaye na shida wani ya sare, suka koma bakwai. Bakwai, ana neman shida. Mutum ɗaya kawai Auta yake buƙatar ya wuce. Na shiga roƙon Allah a fili, har na kusa da ni suna kallona. Na roƙi zaren ya tsinke, wallahi, ni da ban taɓa son ɗinkina ya saki ba. Na san ba zai tsinke ba, ni na sayo shi.

A na bakwai yana nan liƙe da su, amma na ga wani abu a cinyarsa ta hagu, wani layi mai duhu ya gangaro daga bakin wandon ya nufi gwiwa. Koci ma ya gani. Ya bi shi da gudu 'yan taku yana tambaya, Auta ya girgiza kai ya wuce.

Aka kaɗa ƙararrawar zagayen ƙarshe. Mutane suka matso, ana turereniya. Ni dai kwanar kamfanin roba na kafa wa ido har hawaye ya taru.

Uku suka fara ɓullowa. Sai biyu, Dogo a cikinsu. Sai aka ɗan yi shiru. Sai ga wasu biyu kafaɗa da kafaɗa, wani mai jar riga da Auta. Auta a tsaye yake, na tabbata ya daɗe rabonsa da sirdi, ƙafafunsa sun gama ba da abin da suke da shi. Saura mita ɗari suna daidai. Saura hamsin ya gwada zama don ya tattaro ƙarfi, yana taɓa sirdin ya zabura kamar ya zauna a kan garwashi. Mai jar riga ya wuce shi da tsawon keke ɗaya.

Na same shi a gefen kwalbati, ya jingine keken, ya zauna a ɗosane ya ware ƙafafu. Jini ya sauka har cikin safarsa. Bai yi kuka ba, da ma ya yi. Na tsuguna na miƙa masa ruwa.

Ya sha, ya daɗe yana haki, sannan ya ce, "Kai ka faɗa mini, Yaya. Ka ce kayan banza ne, na ƙi ji. Shekara uku, na zo na kashe kaina da son araha. Ka yafe mini, jiya na yi maka gardama."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ga hanya ya buɗe mini da kansa. In na yi shiru, wani kamfani can da ban san inda yake ba zai ɗauki laifin, in ci gaba da zama yayan da ya fi kowa sani.

Dogo ya ƙaraso yana tura kekensa, murnarsa ta koma ciki da ya ga jinin. "Kai, me ya faru? Ni nawa ko ƙaiƙayi bai yi mini ba. Ba iri ɗaya muka saya ba?"

"Wataƙila ni mugun na samu," in ji Auta.

Na ce, "Ba mugu ka samu ba." Muryata kamar ba tawa ba. "Ni ne. Jiya bayan ka tafi na bi shi da zare."

Dogo ya ja da baya. Auta ya dubi cinyarsa. Ya sa yatsa a hankali ya naɗe bakin wandon sama, yana yamutsa fuska don ya manne da ciwon. Ga layukana biyu a jere, miƙe sak, sun jiƙe da jini. Ya daɗe yana kallonsu. Ya shafa ƙullin da ɗan yatsa.

Na ce, "Tsoro na ji kar ya yage maka a gaban mutane."

"A zagaye na biyar, da ka tsallako titi," ya ce, bai dube ni ba, "ka sani?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai. Ya sauke bakin wandon ya rufe.

"Ɗinki ya yi kyau, Yaya. Ko zare ɗaya bai tsinke ba."

Na miƙa hannu zan ɗaga shi, ya dafa kafaɗar Dogo ya tashi. A rumfa koci ya fara kiran lambobin waɗanda suka shiga, ana tafi. Auta ya kama kekensa ya bi gefen titi yana tafiya a talale, a hankali. Na bi shi a baya da gorar ruwa, na bar tazara tsakaninmu, don bai ce in zo ba kuma bai ce in koma ba.