Gwangwanin da Ke Ƙarƙashin Kujerar Direba

Balki ta fizge gefen zanenta daga ƙayar bagaruwa, ta ji ya yage, ko dubawa ba ta tsaya yi ba. Mai hoton da ake kira Baƙo yana biye da ita yana haki, ya rungume jakar kyamararsa a ƙirji. Tun da motar kasuwa ta sauke su a Dogarawa take gaba yake baya.

"Ke baiwata, rage sauri," in ji shi. "Motar da ta shekara takwas zaune ba yau za ta tashi ba."

"Ka ƙara ce min baiwa, in aza maka dutse ga kai."

Taubasai ne, shi ɗan kawunta ne, kuma tun suna yara haka suke. Amma yau ba ta da wasa. Sati uku ke nan da wani makiyayi ya ba da labari a tashar Ƙonni cewa akwai wata tsohuwar fijo a cikin kurmin kwari, mai ƙofa ɗaya koriya. Balki na jin haka ta ajiye ludayin kokonta. Motar mijinta Alkasum ce kaɗai ta sani da koriyar ƙofa. A shekarar da Najeriya ta rufe iyaka ya fita da ita ta hanyar daji, ɗauke da jarkokin mai, kuma daga ranar babu shi babu labarinsa.

Shekara takwas tana faɗa da gari guda. Mata a bakin famfo suna cewa an gan shi a Abijan. Yayanta Ishaku kullum maganarsa ɗaya ce, ta je gun alƙali a raba auren ta huta. Har uwar Alkasum ta gaji ta daina zancen. Balki kuwa duk wanda ya ce mijinta gudu ya yi, sai ta bi shi har ƙofar gidansa da zagi. Ita ta san 'yan fashi ne suka kashe shi, kuma abin da take so shi ne jandarma su karɓi maganar, liman ya yi masa addu'a kamar kowane mamaci, bakin mutane ya mutu. Jandarma suka ce ba za su ƙona mai don zancen makiyayi ba, ta kawo hoton da lambar motar ta fito sarai.

Ta tura Baƙo. Ya je da rana tsaka, ya dawo da hotuna huɗu. Hasken da ke ratsowa ta ganye ya yi wa motar dabbare-dabbare kamar jikin zabo, lambar ko alamarta babu. Ya ce sai ranar da hadari ya rufe rana, haske ya kwanta daidai ko'ina. Ta watsa masa hotunan a fuska. Daga nan kullum da asuba sai ta fito ta duba sama, sama kuwa tas, har ta fara jin haushin rana ita ma. Yau da ta ga gari ya yi lumshi, ta je ta buga masa ƙofa, ta ce ƙafarta ƙafarsa.

Suna gangarawa kwarin sai ga ta. Tayu babu, gilashi babu, injin ma an kwashe. Tsatsa ta cinye ta ta koma ja, wata 'yar magarya ta tsiro ta cikin bodin baya, awaki sun mayar da ƙarƙashinta wurin kwana. Koriyar ƙofar ce kawai ta riƙe ɗan launinta. Balki ta tsaya. Ta yi zaton kuka za ta yi, sai ta ji haushi ne ya cika mata ciki.

"Dubi yadda sunka yi mata," ta ce. "Ɓarayin banza. Allah ya isa."

Baƙo ya daina wasa. Ya tsuguna ya goge lambar da jiƙaƙƙen tsumma, ya ja baya, ya kanne ido ɗaya.

"Kin gani? Wanga haske nika jira. Kowane harafi ya hito." Ya danna, ya koma gefe ya sake dannawa. "Saura hoto guda ga him ɗin kyamarar. Mi kike so in ɗauka?"

"Dakata."

Ta zagaya wajen direba. Akwai abin da ita da Alkasum kaɗai suka sani. Ya sa an yi masa waldar wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera, can ciki inda hannun 'yan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, ba ya kaiwa. A ciki yake ajiye gwangwanin madara mai murfi, cikin gwangwanin kuma akwai takardar haihuwarsa, da zoben azurfa na mahaifinsa, da layar da uwarsa ta ba shi, da hoton Balki na satin bikinsu. Ya sha gaya mata cewa ko wuta ta kama motar, sai ya ciro gwangwanin nan kafin ya gudu. In ta same shi da kayansa, to mutumin bai bar wurin nan da ƙafarsa ba, kuma ta sami abin da za ta dangwara wa Ishaku a gaba.

Ta kwanta a kan kashin awaki ta zura hannu. Akwatin na nan. An ɗaure marfinsa da waya, an murɗa ta sau uku an lanƙwasa bakin ciki don kada ta soki yatsa. Haka Alkasum yake ɗaure komai, har ƙofar akurkin kajinta. Ta warware da ƙyar, ta jawo gwangwanin, ta ɓamɓare murfin da bakin makullin ɗakinta.

Hoton ne kaɗai a ciki. Babu takarda, babu zobe, babu laya.

Ta zauna a ƙasa ta daɗe tana kallonsa. Yarinya ce 'yar shekara goma sha tara, ta rufe baki da hannu tana dariya. Ɗan fashi bai san akwatin nan ba, in ma ya sani ba zai tsaya mayar da murfi ya murɗa waya sau uku ba. Wanda ya yi wannan ba sauri yake ba. Motarsa ta mutu a daji, ya zauna a nan inda take zaune, ya zazzage gwangwanin, ya zaɓi abin da zai tafi da shi.

"Balki?" Baƙo ya matso. Ya ga hoton, ya gane aikinsa ne. "Ni na ɗauke shi. Na ce miki ga ƙadangare bisa kanki, kika yi dariya." Ya leƙa cikin gwangwanin. "Wataƙila wani ya..."

"Kada ka soma."

"Ina nuhin, ba a sani ba ko..."

"Na ce kada ka soma, Baƙo! Ni na san ɗaurinshi." Muryarta ta tashi har tsuntsaye suka watse daga kan bagaruwa. "Shekara takwas! Na zagi maƙwabciyata Jummai gaban ɗiyanta. Na daina gaida yayana. Ranar Salla ni ka kai ma uwarshi tuwo, ina ba ta haƙuri. Ashe ya tuna da laya! Laya ya tuna da ita!"

Ta ɗauki dutse ta maka wa koriyar ƙofar. Tsatsa ta zubo, ƙofar ko motsi ba ta yi ba. Ta sake ɗaukar wani, sai ta ga ba shi da amfani, ta yar.

Iska mai sanyi ta fara kaɗawa daga gabas. Baƙo ya dubi sama, ya ce ruwa na tafe, kuma in rafi ya kawo ba za su ƙetare ba. Ya tambaye ta a hankali ko ya ɗauki hoton gwangwanin da gurbi ɗayan da ya rage a kyamarar, ko jandarma za su so gani.

"Jandarma ba su ganin komi. Waɗancan biyun ma kada ka wanke su."

Ta miƙe ta kakkaɓe jikinta. Ta mayar da hoton cikin gwangwani, ta danna murfin, ta tura shi cikin akwatin. Wayar kuwa ta jefar da ita cikin ciyawa. Sannan ta cire farin mayafinta ta rataya a jikin ƙofar, ta ja shi ya miƙe, ta gyara ɗaurin kallabinta ta tsaya a gaban mayafin.

"Wurin alƙali, Ishaku ya ce sai da katin shaida, katin kuma sai da hoto. Ɗauke ni."

"Nan?"

"Kai ka ce hasken ya yi."

Baƙo ya ɗaga kyamarar. Ya daɗe yana dubanta ta cikin gilashin.

"Ki ɗan saki huska," ya ce. "Ga ƙadangare bisa kanki."

"Danna, Baƙo."

Ya danna. Ɗigon farko ya faɗo a kan rufin motar, ta zare mayafinta ta yafa, ta kama hanyar Dogarawa, shi kuma ya bi ta a baya.