Sunan Surukin Hodi

'Yan sanda sun karya wa Hodi hannu saboda suna ɗaya da ya ƙi faɗi. A gabana anka yi, ba labari na ji ba.

Lokacin ba a daɗe da ba mu jiha ba, ina jan a-kori-kura tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Na ɗauki Hodi a Ambursa, Bafillace siriri, shi da wani jan bijimi da za ya kai kasuwa. Mun kusa Argungu 'yan sanda sunka tsai da mu a shingensu. Sufeto ya zagaya motar, ya tambayi mai sa. Hodi ya ce na surukinshi ne, aiko shi anka yi. Anka ce ya faɗi sunan surukin, sai ya sadda kai.

Kowa a ƙasarga ya san Bafillace ba ya kama sunan surukinshi, ko da wuƙa a wuya. Na faɗa wa Sufeto haka, ya ce in rufe baki ko in shiga ciki. Ya ce shi bai taɓa ganin Bafillace da sa ba, face san na sata ne. Yaranshi sunka yi dariya.

A caji ofis sunka ɗaure shi a turken baranda. Kulki, bel, gindin bindiga. Hodi bai yi ko tari ba, mutumin da ya sha bulalar sharo. Shirun nan ya ƙara tunzura su, wai sai ƙwararren ɓarawo ke jure haka.

Akwai kofur ɗaya, Zakka, Kirista daga kudancin Kaduna. Sufeto ya miƙa mashi kulki, ya ƙi karɓa.

"Yallaɓai, kunya ce, ba sata ba. Ba ni izini in je in ɗauko mai san."

"Kai lauyan Fillani ne? Ka bar ƙofar nan, ka bar kakinka."

Zakka ya duƙa gaban Hodi, ya ce ba sai ya faɗi komi ba. Ya fara jero sunaye a hankali: Tamba, Riskuwa, Yari. Da ya ce Yari, Hodi ya kau da fuska kamar an watsa mashi ruwan zafi. Zakka ya tambaye ni inda na ɗauko shi, ya hau babur ɗinshi ya fita, Sufeto na zagin uwarshi.

Kafin ya dawo sun riga sun karya hannun. La'asar sakaliya sai ga shi da tsoho Yari a bayan babur, ya bi rugagen fadamar Ambursa ɗaya ɗaya har ya same shi. Tsohon ya yi kira ɗaya, bijimin ya tsinke igiya ya zo yana lasar hannunshi. Dole sunka kwance Hodi, ba ko sannu.

Ni dai na yi shiru da anka ce in yi shiru, mota gare ni da iyali. Shi ma Zakka iyali gare shi.

Ba a taɓa Sufeto ba. Zakka anka gurfanar kan barin bakin aiki da ƙin bin umurni, anka tuɓe mashi kaki, ba fansho. Yanzu facin taya yake yi a tashar Argungu, ƙarƙashin wani iccen bedi. Hodi kan kawo mashi nono ranar kasuwa, da hagu yake miƙa ƙwaryar, don damar ba ta ƙara ɗaguwa ba.